Turakun da Ka Kafa a Gonar Kawunka

Talata Mafara,
Ranar Laraba.

Zuwa ga ɗana Ummaru,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ka lafiya, kai da abokan karatunka. Allah ya tsare ka daga sharrin hanya da sharrin mutane, ya kiyaye ka daga abin da ka sani da wanda ba ka sani ba, amin. Da gangan na sa addu'a a gaba, tun kafin raina ya ƙara ɓaci, don na san halina. Abin da zai biyo baya ba mai daɗin ji ba ne. Ka sami wuri ka zauna, ka karanta har ƙarshe, kada ka ninke ka sa a aljihu ka ce sai an tashi daga aji.

Ummaru, me ka je ka yi a gonar kawunka Ɗanjumma a Dakko?

Na san amsar da za ka ba ni, bincike. Ka zo hutun bazara da abokanka na jami'a, da sandunanku masu ja da fari, da igiyar awo, da wani ƙarfe da kuke murzawa cikin ƙasa. Kana cin tsire a zaurena kana yi mini bayani, wai tun da aka tare gulbi a Bakolori ruwa ya daina malala a fadama yadda ya saba, wai za ku kafa turaku ku dawo bayan damina ku ga inda ruwan ya tsaya, ku rubuta a aikinku na kammala karatu. Da kunne ɗaya na saurare ka, hankalina yana kan shanun da za a loda. Kuka tashi kuka tafi Dakko ranar Talata. Ranar Talata, Ummaru! Kai da aka haifa a garin nan, ba ka san ranar Talata duk namijin da ke Dakko yana kasuwar Mafara ba? Kuka tarar da gari ba kowa sai mata da tsofaffin da ba sa fita. Ba ku nemi mai gari ba, ba ku jira mai gona ba. Kuka jera turaku masu jan kai tun daga bakin gulbi har gindin itatuwan kawunka, kuka ɗebi ƙasa a leda, kuka hau mota kuka dawo kuna dariya. Washegari ka koma makaranta.

To, bari in gaya maka abin da ka bari a bayanka, tunda littattafanka ba za su gaya maka ba. Duk ƙasar nan, daga Maradun har Bakura, ba wanda bai san ma'anar jan turke ba. Tun da aka fara aikin dam ɗin nan, in mutum ya wayi gari ya ga jan turke a gonarsa, to ya san katafila na tafe. Za ta baje kunyoyi, ta ture itatuwa, a tara su wuri ɗaya a cinna wuta, a ce masa ya dakata da shuka sai an gama gyaran fili. Kawunka ya ga an yi wa mutanen da ya sani haka da idonsa. Ya dawo daga kasuwa da la'asar ya tarar da naka turakun. Ya tambaya, matan da suka je ɗiban ruwa suka ce Ummarun Mafara ne da masu awo.

Bai zo ya tambaye ni ba, kuma zan gaya maka dalili nan gaba. Ya zauna yana jira ko wani zai zo da bayani, shiru. Sai ya kira masu gatari. Ya ce gara ya sami itacen girki da na rufi da a ƙone su a banza. An sare mangwaronsa da 'ya'ya ɗanyu a jiki. An sare kanyar, an sare tsamiyar da kuke hawa kuna yara. Maƙwabtansa da layin turakun ya ratsa ta gonakinsu, su ma sun fara wasa gatari. Bai kai taki gona ba, bai yi shara ba, ya ce ba zai zuba iri don katafila ta taka ba, ga hadari ya fara haɗuwa a gabas. Abin da ya rage a tsaye shi ne babbar ɗorawar nan da kakanka na wajen uwa ya bari. Ita ma an ɗaga mata ƙafa ne don mata su gama kaɗe kalwarta.

Da na ga kututturan nan, wallahi da kana kusa da sai an riƙe ni. Itacen da ya girme ka, ya girmi yayanka, ya tafi a yini guda saboda yaro ya kasa cewa salamu alaikum.

Amma ba kai kaɗai nake jin haushi ba, har da kaina, kuma tunda ni na haife ka gara ka ji daga bakina. Lokacin da ka ce za ka karanta labarin ƙasa, ka tuna yadda muka kwashe. Ni likitan dabbobi na so ka zama, ko banza ka riƙa duba mini shanu. Na yi faɗa, na ƙi cin tuwo, na ce wane irin karatu ne mutum zai bar gidan ubansa ya je a ba shi labarin ƙasar da yake takawa. Ka nace, na haƙura. To amma ban taɓa zaunar da kai na ce ka fahimtar da ni ba. Girman kai ya hana ni tambayar ɗan da na haifa. Da dillalai suka dame ni da tambaya a kara, kasuwarmu ta shanu, wai Mamman me ɗanka ke karantawa, sai na ɗaga murya na ce awon ƙasa. Na ce nan gaba ba wanda zai taɓa ƙasar nan sai da sa hannun Ummaru. Na faɗa ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, har a gaban kawunka ranar da ya kawo bijimi. Na ji daɗin yadda suka yi tsit. Yau ga shi, maganar da na yi don burga ita ce ta zama shaida a kanka. Shi ya sa Ɗanjumma bai zo ya tambaye ni ba, a ganinsa na riga na ba shi amsa.

Saboda haka ka ji wannan da kyau. Duk garin da aikin nan zai kai ka, kada ka bari wani ya faɗi abin da ya kawo ka, ko da ubanka ne. Ka faɗa da bakinka, da Hausar da tsohuwa za ta gane, ba wadda kuke cakuɗawa da Turanci ba. In an gama sauraro ka ce wani ya maimaita maka abin da ya ji. In ya maimaita ba daidai ba, ka sake daga farko, ko rana za ta faɗi kuna nan.

Sai jan fentin. Wannan kam idan na tuna sai in ji kamar in mari kaina. Kuna zaune a zaure kuna feƙe turaku, abokinka mai tabarau ya ce tsoronsa kada ciyawa ta rufe su da damina ku kasa gane su. Wa ya tashi ya ɗauko gwangwanin jan fentin da muke shafa wa shanun da aka sayar? Ni. Da hannuna na miƙa, har ina yi muku ba'a wai 'yan boko ba dabara. Ni da ke bin hanyar Bakura kullum, ina ganin jan turke a gonakin mutane, ina ganin fuskokin masu gonakin, ban haɗa wannan da wancan ba. Hankalina ya tsaya a kan cewa ja ya fi fitowa cikin kore. Don haka kafin ka bar wani abu a gonar mutum, ko tsinke ne, ka tambayi mutanen wurin me wannan abu yake nufi a wurinsu. Kada ka tambayi malaminku, shi ba a nan yake kwana ba.

Akwai labarin da ka sha jin ana tsokanata da shi a kara, kana dariya tare da masu dariya, ba ka san ƙarshensa ba. Ina saurayi kakanka ya aike ni wata ruga bayan Maradun in dubo masa shanun da za a saya. Na isa ina ji da kaina, sabuwar hula, sabon takalmi. Maimakon in tsaya nesa in yi sallama a fito a karɓe ni, sai na kutsa cikin garke ina nuna shanu da sanda, bakina yana motsi. Mai rugar yana tsaye yana kallona. Ya ɗauka ɗan leƙen asirin masu jangali ne. Kafin in koma da kakanka sun tashi, sun ƙetare gulbi yana cike, ruwa ya tafi da maruƙansu. Nan masu ba'a suke tsayawa, wai Mamman ya kori ruga da sanda. Abin da ba sa faɗa shi ne, mutumin nan ya rayu shekaru yana zuwa kasuwar Mafara, kuma har ya mutu bai ƙara amsa gaisuwata ba. Ban yi niyyar cutarsa ba, kamar yadda na san kai ma ba ka yi niyyar cutar kawunka ba. Niyyar tawa ba ta dawo masa da ko maraƙi ɗaya ba.

Ka lura, ban ce karatunka banza ne ba. Da can na faɗa, yanzu na janye. Fadamar nan da gaske tana bushewa, shinkafar da ake samu da can ba a samunta, masunta sun fara rataye koma. In akwai wanda zai auna wannan ya rubuta, ya kai inda ake jin magana, ina so ya zama ɗana ne. Abin da ke ƙona mini rai ke nan. Ka je ne don ka taimaki mutanen, ka bar su sun fi yadda ka same su talaucewa.

Na je Dakko da kaina in gyara, na ƙara ɓatawa. Na hau babur na isa da hantsi, na tarar da kawunka a ƙofar gida yana daddatsa reshen mangwaro. Muka gaisa, gaisuwar ba ta yi tsawon da ta saba ba. Na ce masa turakun nan na makaranta ne, ba ruwansu da masu dam. Ya ajiye gatari ya dube ni.

Ya ce, "Mamman, kai kac ce ɗanka na awon ƙasa. Cikin kara kac ce, kowa ya jiya. Yau kuma ka zaka kana ce min wasan yara na?"

Na ce ba wasa ba ne, karatu ne, ruwa suke aunawa.

Ya ce, "Ruwa? Ina ruwan shike ga gindin tsamiya? Jan turke nig gani gonata. Mi kaka so in yi, in tsaya katahila ta zaka ta tura min icce ta sa wuta, awa yadda anka yi ma mutane?"

A nan ya kamata in yi shiru in ba shi haƙuri. Mutane sun fara taruwa. Sai baƙar zuciyar nan tawa ta taso, na ce ai ko yaro ya san a tambaya kafin a ɗau gatari, wannan wauta ce. Na kira wan matata wawa a ƙofar gidansa, gaban 'ya'yansa da maƙwabta. Na ce to bari in je in tuge turakun ya gani. Nan fa aka yi caa a kaina. Wani dattijo ya riƙe mini riga ya ce, "Kul! Kai ka koma Mahwara ka kwana lahiya, mu a zaka a kwashe mu." Sun yi imani duk wanda ya taɓa turken hukuma, garin ne zai amsa.

Aka kai maganar gaban mai gari. Ya saurare ni, ya saurari kawunka, ya ce shi ba a gaya masa zuwan kowa ba, don haka ba zai iya rantsewa a kan abin da bai sani ba. Gaskiyarsa. Kawunka ya ce, "Wanda yak kahwa su, shi zaka shi hidda su da hannunai, gaban mai gari da jama'a. In na ga haka, na yarda gonata tawa ta, in yi shuka. In ba haka ba, ɗorawa ma ta bi 'yan uwanta." A kan haka aka tashi, ban ko sha ruwan gidansa ba.

Ka ga abin da fushi ya saya mini. Da na tausasa harshe, wataƙila da ya yarda da maganata. In ka zo, kada ka yi irin nawa. Kada ka zo da takarda daga makaranta, takarda ba ta da daraja a Dakko yanzu, sun ga takardu da yawa. Kada ka zo da abokanka, kada ka sa wandon nan naka mai faɗin ƙafa. Ka sa riga da hula. Ka fara sauka gidan mai gari, ka tuɓe takalmi tun daga waje, ka durƙusa. In kawunka ya zage ka, ka sunkuyar da kai ka ce ka yi kuskure. Ko ya faɗi abin da ba haka yake ba, kada ka gyara masa a gaban mutane. Na san bakinka, irin nawa ne, shi ya sa nake ja maka kunne.

Na san abin da za ka ce, kuma na yi tunaninsa kafin in ɗau alƙalami. Za ka ce in an cire turakun aikinka ya rushe, ba abin da za ka auna bayan damina, wataƙila malaminku ya ce sai ka sake shekara. Ban raina wannan ba. Na san wahalar da ka sha kafin ka kai inda kake, na san wadda muka sha. Amma ka saurare ni, Ummaru. Shekarar karatu ana sake ta. In ruwan shuka ya sauka kawunka bai zuba iri ba, gidan da ke da baki fiye da namu zai shiga rani ba hatsi, kuma kai ka jawo. Ɗorawar nan kuwa, ko jikanka ba zai ga irinta ba in ta faɗi. Ka je ka gaya wa malaminku gaskiyar abin da ya faru. In mutumin kirki ne zai gane. In bai gane ba, ka zo duk da haka, ni na ce.

In Allah ya sa ka cire su zukata suka yi sanyi, kana iya roƙon kawunka daga baya, ba ranar ba, ko zai yarda a sa wata alama da shi zai zaɓa, dutse ko kututture, ya sa da hannunsa. In ya ƙi, ka bar shi, gonarsa ce. Na kuma ji kana cewa bayan jarrabawa za ku je wajen Maradun, wurin mutanen da ruwan dam ya tasa daga garuruwansu. Waɗannan ciwonsu ya fi na Dakko. Sun bar gidaje da kaburburan iyayensu a ƙarƙashin ruwa. Kada ka kuskura ka sauka daga mota da sanda mai ja da fari a hannu. Ka bar kayan awo a masauki, ka yi sallah da su, ka ci abin da suka ba ka, ka bari su gaji da tambayarka kafin kai ka yi tambaya ɗaya. Kuma ka fara tambayar ranar kasuwarsu.

Na ba direban da ke kai mana shanu kudu wannan takarda, na ce ya sa ta a hannunka, kada ya ba mai gadi. Ranar da ta same ka, ranar za ka nemi mota. Kada ka tsaya rubuto mini amsa, ba amsa nake so ba.

Yayanka yana gaishe ka, da ƙannenka, da mutanen kara masu tambayarka. A nan ne ya kamata in rubuta cewa innarka tana gaishe ka, amma ba zan rubuta abin da ba a ba ni ba. Ba ta gida. Da labari ya zo cewa an gama kaɗe kalwa kuma kawunka ya aika wa masu gatari, ta ɗauki tabarma da buta ta hau motar Bakura, ko izinina ba ta tsaya nema ba. Matar da ciwon gwiwa ke hana ta zuwa biki a bayan gida. Kullum tun da safe tana gindin ɗorawar, a nan take sallah, a nan ake kai mata fura, sai magariba take shiga gari. Masu gatari sun zo sun gan ta sun koma. Wanta ya yi faɗa, ya yi lallashi, ta ce masa, "Ni nan nika zamne. Wanda duk ka son iccen ga, shi hwara da ni." Na je in dawo da ita, ta dube ni ta ce, "Ɗana na zuwa. Ba ni tashi sai ya zaka." Na juyo gida ni kaɗai, don ita ta fi ni yarda da kai.

Allah ya kawo ka lafiya, ya tsare hanyarka daga hatsari da mugun direba. Allah ya yi maka albarka, ya shirye ka, ya shirye ni. Zafin bazarar bana ba irin wanda tsohuwa za ta daɗe a cikinsa ba ne, Ummaru. Ka zo ka tashi uwarka daga ƙasa.

Wassalam.

Ni ne mahaifinka,
Mamman Dillali.